Fatalwa ce ko taɓin hankali: yadda aka karɓi labarin Henry James na gidan Bly

A ranar 27 ga Janairun 1898 mujallar Collier's Weekly ta birnin New York ta fara buga wani labarin ban tsoro na Henry James kashi-kashi, mako bayan mako, har ta kammala shi a kashi na 12 ranar 16 ga Afrilu. Sunan labarin The Turn of the Screw. A watan Oktoba na wannan shekarar aka fitar da shi cikin wani littafi mai suna The Two Magics, haɗe da wani labarin da yau ba kasafai ake tunawa da shi ba, kamfanin Heinemann ya buga shi a Landan, Macmillan kuma a New York. Labarin ba shi da tsawo, mai saurin karatu zai iya gama shi a dare ɗaya, amma abin da aka rubuta a kansa tun daga wancan lokaci ya ninka shi nesa ba kusa ba, kuma har yau manazarta adabi ba su sasanta a kan tambaya ɗaya ba: shin matar da ke ba da labarin ta ga fatalwa da gaske, ko kuwa hankalinta ne ya taɓu? Na daɗe ina bibiyar wannan jayayya, kuma ina ganin ta cancanci a kawo ta cikin Hausa, domin tambayar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wata budurwa 'yar shekara 20, autar 'ya'ya mata ta wani talakan limamin coci na ƙauye, ta je Landan neman aikin malamar gida, wato irin macen da masu hali a Ingila ta wancan zamani ke ɗauka ta zauna a gidansu tana koyar da yara tana kuma kula da tarbiyyarsu. Wanda ya ɗauke ta wani attajiri ne da bai yi aure ba, wanda riƙon marayu biyu, 'ya'yan ƙanensa, ya faɗo a kansa: Miles ɗan shekara 10 da Flora 'yar shekara 8. Baffan nasu ya ajiye su a wani tsohon gidansa na karkara mai suna Bly a yankin Essex, ya kuma gindaya wa malamar sharaɗi ɗaya, cewa kada ta taɓa damunsa da komai, ba ƙorafi, ba wasiƙa, duk abin da ya taso ta yanke hukunci da kanta. Ba ta daɗe da isa ba sai wasiƙa ta zo cewa an kori Miles daga makarantar kwana, ba tare da an faɗi laifinsa ba. Daga nan ta fara ganin wani mutum a saman hasumiyar gidan, ta sake ganinsa yana leƙe ta taga, sannan ta ga wata mata sanye da baƙaƙen kaya a bakin tafki. Dattijuwar da ke kula da harkokin gidan, Misis Grose, ta shaida mata cewa siffar mutumin ta Peter Quint ce, baran maigidan, ita kuwa mai baƙaƙen kayan, malamar ta gano cewa Mis Jessel ce, wadda ta riƙe aikin kafin ita. Dukansu biyu sun mutu. Malamar ta sakankance cewa matattun nan sun dawo ne domin su mallake yaran, cewa yaran suna ganinsu suna ɓoyewa, kuma ita kaɗai ce za ta iya ceton su.

Asalin labarin yana da alaƙa da lokacin da marubucin ya fi shiga ƙunci a sana'arsa. James, wanda aka haifa a New York a 1843 amma ya yi mafi yawan rayuwarsa a Ingila, ya shafe shekaru yana ƙoƙarin yin suna a fagen wasan kwaikwayo na dandamali. A daren 5 ga Janairun 1895 aka fara nuna wasansa Guy Domville a Landan, da ya fito gaban jama'a bayan an gama sai wani ɓangare na 'yan kallo ya yi masa ihu. Kwana biyar bayan haka ya ziyarci Edward White Benson, shugaban limaman Cocin Ingila, wanda ya ba shi wani guntun labari da shi ma ya ji daga bakin wata mata, game da yaran da aka bari a hannun miyagun barori a wani gidan karkara, barorin suka mutu, fatalwarsu ta riƙa dawowa tana kiran yaran. James ya rubuta wannan a littafinsa na ajiye tunani ranar 12 ga Janairu, ya bar shi nan har kusan shekara uku. A ƙarshen 1897, lokacin da ya karɓi hayar gidan Lamb House a garin Rye yana kuma bukatar kuɗi, Collier's ta nemi ya ba ta labari, sai ya koma kan wancan rubutu. A lokacin ciwon hannu ya sa ya rage rubutu da alƙalami, don haka da baki ya riƙa faɗin labarin, wani mai buga tafireta ɗan Sikotilan, William MacAlpine, yana bugawa.

Ya kamata a tuna cewa masu karatun da aka rubuta wa labarin ba su ɗauki batun fatalwa abin wasa ba. A 1882 aka kafa wata ƙungiya a Landan ta masu binciken al'amuran ruhi, wadda malaman jami'a ke ciki, tana tattara bayanan mutanen da suka ce sun ga matattu. Wan marubucin, William James, fitaccen masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard, ya taɓa shugabantar ta. Ƙanwarsu Alice kuma ta yi fama da ciwon da ya shafi jijiya da tunani tsawon rayuwarta har ta rasu a 1892. Ke nan a gida ɗaya Henry James ya san fassarorin biyu, ta ruhi da ta rashin lafiya, ba a littafi kawai ya karanta su ba.

Masu sharhi na farko, kusan dukansu, sun ɗauki fatalwar a matsayin gaskiyar labarin, malamar kuma jarumar da ta tsaya tsakanin yara da halaka. Abin da ya fi ba ni mamaki a sharhinsu shi ne tsananin firgitar da suka nuna. Jaridar New York Times ta yaba shi a matsayin nazari mai ƙarfi a kan sihirin mugunta, wanda ya yi nasara ta hanya mai tayar da hankali. Mujallar The Independent, a farkon 1899, ta ce a duk adabin da ta sani, na da da na yanzu, ba ta taɓa karanta labarin da ya kai wannan mugunta ba, har ta ce mai karatu yakan gama shi yana jin kamar da hannunsa a cikin ɓata tsarkin ƙuruciya. Marubuci Oscar Wilde, a wata wasiƙa, ya kira shi ɗan ƙaramin labari mai ban mamaki kuma mai dafi. To, amma wanda ya buɗe littafin yana neman wannan mugunta a rubuce ba zai same ta ba. Ba a faɗi abin da Quint ya yi wa Miles ba, illa dai cewa ya cika sakewa da shi. Ba a faɗi abin da ya kashe Mis Jessel ba. Fatalwar ba sa magana, ba sa taɓa kowa, tsayawa kawai suke yi suna kallo. Da aka matsa wa Miles a kan dalilin korarsa, abin da ya iya cewa shi ne ya faɗi wasu maganganu ga yaran da yake so, kuma ba a taɓa gaya mana maganganun ba. Duk ƙazantar da masu sharhin suka gani, daga zukatansu suka kawo ta suka cike gurbin da marubucin ya bari.

James ya yi hakan ne da gangan, kuma shi da kansa ya faɗa. Da farko ya riƙa ƙasƙantar da aikin, har ya rubuta wa marubuci H. G. Wells a Disambar 1898 cewa labari ne na neman abin sakawa a bakin salati. Amma a 1908, a gabatarwar da ya yi wa labarin cikin babban tarin ayyukansa da aka buga a New York, ya bayyana dabararsa: duk wata mugunta da marubuci ya ambata da sunanta takan ƙanƙance a idon mai karatu, saboda haka abin yi shi ne a sa mai karatu ya ƙirƙiro muguntar da kansa, daga abin da ya sani da abin da yake tsoro. Ya kuma kira labarin tarko da aka ɗana domin kama waɗanda ba a saurin kama su. Wannan jumla ta biyu ita ce ta zama makamin da kowane ɓangare ya riƙa ɗagawa bayan rasuwarsa a 1916.

A 1924 wata marubuciya, Edna Kenton, ta buga maƙalar da ta ce tarkon da James ke nufi shi ne malamar kanta, domin da bakinta kaɗai muke jin komai, kuma babu wanda ya tabbatar mana da abin da ta gani. Maganar ba ta yi tasiri sosai ba sai a 1934, lokacin da Edmund Wilson, ɗaya daga cikin manyan masu tarken adabi a Amurka, ya ɗauke ta ya ɗora ta a kan ra'ayoyin Sigmund Freud, likitan da ya yi suna wajen nazarin sha'awoyin da mutum ke dannewa a zuciyarsa. A wajen Wilson, malamar yarinya ce da ta taso cikin takura, ta ga baffan yaran sau biyu kacal ta kamu da sonsa, ta danne abin a zuciyarta, sai abin da ta danne ya riƙa fito mata a siffar mutane. Hujjojinsa suna da ƙarfi. Babu wani wuri a littafin da wani ya ga fatalwar in ba ita ba. Ganinta na farko ya zo ne daidai lokacin da take yawo a lambu tana mafarkin ido biyu cewa maigidan zai bayyana ya ga ƙoƙarinta. Wilson ya kuma lura cewa a tarin 1908 James bai sa labarin cikin kundin labaransa na fatalwa ba, ya haɗa shi ne da wasu labaran, ciki har da wanda jigonsa maƙaryaci ne. Wasu daga cikin hujjojin nasa, kamar fassarar da ya yi wa hasumiya da ɗan jirgin katakon da Flora ke wasa da shi a matsayin alamomin sha'awa, ina ganin ya wuce gona da iri, kuma sun fi nuna yayin da ake yi wa Freud a shekarun 1930 fiye da abin da ke cikin littafin.

Martani ya zo da zafi. A 1947 A. J. A. Waldock ya kawo tambayar da har yau ita ce ƙashin da ya tsaya wa mabiya Wilson a wuya. Malamar ba ta taɓa jin sunan Quint ba, amma ta siffanta mutumin da ta gani dalla-dalla: jan gashi mai nannaɗewa, doguwar fuska fara fat, ba hula, sanye da kaya masu kyau waɗanda da gani ba nasa ba ne. Misis Grose tana ji ta kama sunansa. Ta yaya mai taɓin hankali za ta ƙirƙiro kamannin mamacin da ba ta sani ba? Robert Heilman, a 1947 da 1948, ya ƙara da cewa labarin gaba ɗaya hoto ne na faɗuwar ɗan Adam irin na addinin Kirista, Bly ita ce gonar Aljanna, Quint kuma mai ruɗi. Wilson ya ja da baya a 1948, ya ce wataƙila James ya yi niyyar rubuta labarin fatalwa ne amma abin da ke ransa ya rinjaye shi bai sani ba. Sai a 1957 John Silver ya nuna cewa akwai alamar malamar ta yi tambaye-tambaye a ƙauyen da ke kusa, inda za ta iya jin siffar Quint. Wilson ya karanta wannan, a 1959 ya koma kan ra'ayinsa na farko. Ina girmama shi da wannan kai-komo, domin ya nuna mutum ne da hujja ke iya juya shi, kuma ya nuna cewa littafin yana ba kowane ɓangare abin da zai riƙe amma ba ya ba kowa abin da zai rufe bakin ɗan'uwansa da shi. Daga baya masana irin su Tzvetan Todorov a 1970 da Shoshana Felman a 1977 suka ce ai wannan shakka ita ce ginshiƙin aikin. Felman ma ta nuna cewa masu tarken da ke farautar sirrin malamar sun koma yin abin da ita take yi wa yaran, wato matsa wa wanda ba ya son magana sai ya furta abin da ake son ji.

Mai karatu Bahaushe zai gane wannan taƙaddama tun kafin a gama bayyana masa ita. Mu Musulmi mun yi imani da samuwar aljanu, ko da yake ba mu yarda matattu suna dawowa ba, kuma mun san taɓin hankali cuta ce da ake maganinta a asibiti. Idan yarinya ta faɗi a makarantar kwana tana surutai da muryar da ba tata ba, sau da yawa dangi kan rabu biyu, wasu su ce a nemo malami ya yi ruƙiyya, wasu su ce a tafi wajen likitan ƙwaƙwalwa, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ɗayan ba zai iya rushewa gaba ɗaya ba. Na taɓa zama a irin wannan taro na dangi, ana ta musayar ra'ayi a tsakar gida, ita kuwa yarinyar tana ɗaki, babu wanda ya shiga ya tambaye ta abin da ke damunta. Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin jayayyar Wilson da abokan hamayyarsa, duk da zurfinta, ta kauce wa wurin da littafin ya fi ciwo.

A duba abin da ya faru a bakin tafki. Flora ta ɓace, malamar da Misis Grose suka bi sawunta suka same ta a hayin ruwa. Malamar ta tambaye ta kai tsaye ina Mis Jessel take, kuma a daidai wannan lokaci ta hango matar a ɗaya gaɓar, ta kama hannun dattijuwar tana nuna mata da yatsa, tana murna cewa yau gaskiyarta ta fito. Misis Grose ta duba, ta sake dubawa, ta ce ba ta ga komai ba. Flora ba ta ma juya ta kalli wurin ba, malamar ta zuba wa ido, ta ce ba ta ga kowa ba, ba ta taɓa gani ba, ta kira ta muguwa, ta maƙale a jikin dattijuwar tana roƙon a raba ta da ita. Washegari yarinyar ta tashi da zazzaɓi, aka tafi da ita Landan. Ko fatalwar tana tsaye a can ko ba ta nan, abin da yarinya 'yar shekara 8 ta fuskanta a wannan yini shi ne babbar mace, wadda ita ce uwarta da malamarta a gidan, tana ihu tana nuna mata gawar da ta san an binne.

Ƙarshen labarin ya fi haka muni. An bar malamar da Miles su biyu. Tana cikin tuhumarsa a kan wata wasiƙa da ya ɗauke da kuma dalilin korarsa sai ta ga fuskar Quint a taga, ta rungume yaron don kada ya gani, amma ba ta daina tambayarsa ba. Yaron, jikinsa sharkaf da gumi, ya shiga waige-waige yana neman abin da take gani, da farko ma ya zaci Mis Jessel take nufi. Ta nace sai ya faɗi sunan. Ya faɗi sunan Quint, ya haɗa da kalmar shaiɗan, kuma an rubuta jumlar ta yadda ba za a iya tantance wa yake zagi ba, mamacin ko ita. Ta ɗauki wannan a matsayin nasara. Sai ta lura cewa zuciyar yaron da take riƙe da shi ta tsaya. Idan Heilman ne ke da gaskiya, ta kori shaiɗan amma yaron bai rayu ba, idan kuwa Wilson ne, tsoro ta cusa masa har ya mutu. A duka biyun, abin da ke motsa ta a shafukan ƙarshe shi ne bukatar a tabbatar mata cewa ba ta yi kuskure ba. Akwai wurin da ita da kanta ta tambayi zuciyarta, idan yaron nan ba shi da laifi to ita mece ce, amma ba ta tsaya ta saurari amsar ba.

Waɗanda suka mayar da labarin dandamali da allo sun sha wahalar riƙe wannan shakka, domin dole ne su nuna wani abu ko su ƙi nunawa. A wasan waƙa da mai tsara kiɗa Benjamin Britten ya yi, wanda aka fara nunawa a birnin Venice na Italiya a 1954, fatalwar suna rera waƙa, suna ma zantawa da juna, abin da ya karkatar da ma'auni zuwa ɓangaren masu cewa da gaske suke. Fim ɗin The Innocents na 1961, wanda Jack Clayton ya ba da umarni Deborah Kerr ta fito a malamar, ya fi kusa da littafin, domin galibi yakan nuna fuskarta a firgice kafin ya nuna abin da take kallo.

Mutumin da na fi ɗora wa alhaki a labarin shi ne wanda sharhin farko bai cika waiwayarsa ba, wato baffan yaran. An ba shi amanar marayu, ya tura su ƙauye ya ci gaba da harkokinsa a Landan. Shi ya bar Quint a gidan yana iko da kowa. Da wasiƙar shugaban makaranta ta zo masa, ko buɗe ta bai yi ba, ya aika wa malamar ya ce ta ji da ita, kada ta ba shi rahoto. Ya ɗora gida da yara biyu a kan budurwar da ba ta taɓa riƙe wani aiki ba, abokiyar shawararta kaɗai dattijuwa ce da ba ta iya karatu ba, sannan ya toshe ƙofar da za ta iya neman taimako. Miles ya roƙa a fili a kira baffansa ya zo, kuma da malamar ta rubuta wasiƙar ba ta kai gare shi ba, domin yaron ya ɗauke ta ya ƙone. Sai daga baya, da manazarta suka fara duba littafin ta fuskar matsayi da dukiya da halin da barori ke ciki a Ingila ta ƙarni na 19, aka fara ba rashin wannan mutum muhimmancin da ya dace.

Akwai kuma wani bayani da magoya bayan malamar suke kafa hujja da shi a shafukan farko na labarin, inda aka nuna cewa ita ce ta rubuta abin da ya faru da hannunta. Wanda ya karanta wa baƙi rubutun nata a wani taron hira na lokacin Kirsimeti, wani mai suna Douglas, ya ce ya san ta shekaru bayan abin da ya faru a Bly, lokacin tana malamar ƙanwarsa, kuma bai taɓa ganin mace mai daɗin mu'amala kamarta a irin wannan aiki ba. Su a wajensu wannan shaida ce cewa hankalinta ƙalau yake. Ni kuwa ina karanta shi ne a matsayin shaidar cewa yaro ɗan shekara 10 ya mutu a hannunta, ƙanwarsa ta bar gidan ba ta ko son jin sunanta, amma littafin bai ambaci wani bincike da aka yi ba, bai gaya mana abin da baffan ya ce ba, kuma wani gidan ya sake ɗaukarta ya danƙa mata 'yarsa.